Jakin Katako

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba
aka miƙo mini gwangwanin biskit. Na zaci kuɗi ne.
Fim ne wankakke, tuli guda,
ɗaure da robar da ta riga ta narke.
Ɗakin hotonsa na bakin Kasuwar Dole
tuni ya koma shagon cajin waya,
labulen nan mai zanen jirgin sama kuwa
wa ya san bayin da yake rufewa yanzu.

Na ɗaga ɗaya ga hasken taga.
Duniya ta juye:
sama baƙi ƙirin,
duwatsun Birni fari fat kamar an kwara musu nono,
ga yaro, haƙoransa gawayi,
tsaye bisa guntun katako, hannuwa a buɗe
kamar mai rabon faɗa tsakaninsa da ƙasa.

Mutari ne. Da kunne na gane shi.
Yau shi ke auna gero da tiya, ga tumbi,
in zai tashi daga tabarma sai ya roƙi gwiwarsa.

Abin bai da suna a lokacin.
Wani ya ce mota marar mai, wani ya ce jakin katako,
jakin ya zauna.
Sau ɗaya tak suka gan shi, a ƙafar ɗan wani likita baƙo
da ya yi wata uku a gari ya wuce.
Kyari ɗan kafinta ya sace marfin taga,
ya ɓaro rulma huɗu daga mataccen injin niƙa a Garin Malam,
ƙusa takwas, biyu a lanƙwashe.
Gangaren da ke sauka daga tsohon bariki
shi kaɗai ne kwaltarsa ba ta tsufa ba.
Ƙarar abin, in ji mutane, tana koro awaki tun daga Zongo.

Baba mai hoton katin ɗan ƙasa ne.
Ɗago haɓa. Rufe baki. Kada ka motsa.
Shekara ashirin yana hana mutane motsi,
me ya kai shi tsakar rana, gwiwa a ƙasa,
yana ƙona fim a kan waɗanda ba su san tsayuwa ba?
Inna ta yi lissafi da ƙarfi don maƙwabta su ji:
fim guda, garwar ruwa goma sha biyu,
a Damagaram, inda ake kwana a layin famfo.
Bai ce uffan ba. Ya goge gilashin kamara da bakin riga.

Yawancinsu sun ɓaci.
Nan hazo mai ƙafa biyu.
Nan rabin Sanusi, sauran rabin ya riga ya fice.
Nan jaki shi kaɗai a iska, da silifa ɗaya,
mai su yana can ƙasan hoto yana koyon darasi.
Nan wani mai kura ya saki garewaninsa yana kallo, baki sake.

Na talatin da shida ya tsayar da ni.
Yarinya ce, zane ɗaure a kunkumi kamar na ɗan kokawa,
kitso ya tashi,
baki a wage, ihu ne ko dariya, fim bai faɗa ba.
Na kai yatsa haɓata.
Tabon yana nan.
Shekara arba'in ina cewa bakin rijiya ne,
shi kansa ya kai ni asibiti, yana gyaɗa kai: rijiya, to, rijiya.

Ashe yana bayan katangar,
ya ga tashina kafin ya ga faɗuwata,
ya zaɓi wanda zai ajiye.

Jikana ya ce in kawo ya juya shi da waya, baƙi ya koma fari.
Na ce gobe.
Har magariba ina bakin taga,
ina riƙe da ita ta gefe-gefe don kada yatsa ya taɓa ta,
tana ta gangarowa
ba ta kai ƙasa ba tukuna.